Shaidar Mutumin da Ba Ya Rantsuwa

Ni ne Bawa, maƙeri ɗan maƙeri, daga Furfuri ta ƙasar Bungudu. Sau ɗaya tak na tsaya gaban joji a rayuwata, a wani garin haƙar zinariya da ake kira Tarkwa, can bayan Gwanja kusa da teku. A ranar nan babu abin da ya raba ni da kurkuku sai bakin mutum guda, kuma mutumin ba ya salla, ba ya zuwa coci, ba ya tsafi. Yadda na kai can da yadda muka ƙare da shi, shi ne labarin.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, maƙerarmu ta mutu. Wanda bai girbe ba ba ya kawo gyaran lauje. Ba zan tsaya kan sallama da Inna da matata Ige ba, kowa ya san yadda ake yin ta. Na ɗaure kayan sana'a na bi wani Jatau, mutumin Tsafe, wanda ya ji labarin cewa a bakin teku Turawa na neman masu ƙarfi. Jatau dogo ne mai surutu, ya san komai tun kafin ya gan shi. Da ƙafa muka kai Zariya, nan muka shiga jirgin ƙasa, wanda Jatau ya yi ta kwatanta mini kwana da kwanaki, amma da jirgin ya yi kuwwa shi ya fara rugawa.

A Jabba aka sauke mu don a ƙetare kogin Kwara. Guzurinmu ya riga ya ƙare. Wata tsohuwa Banufiya mai sayar da kifi ta dube mu, ta ɓare wani busasshe biyu ta miƙo mana, ba ta jin Hausa, mu ba ma jin Nufanci. Na yi mata addu'a, ta amsa da amin. Wannan kalma dai mun haɗu a kanta.

A Ikko aka yi mana wankin ido. Muna tsaye bakin ruwa muna raba ido, sai ga wani mutum mai farar riga da tasbaha ya gaishe mu da harshen gida tsantsa. Ya ce shi ɗan Wonaka ne, ya ambaci sunan rafinsu da na dagacinsu, har ya ja mu sallar La'asar. Ya ce ba a shiga ofishin takardar jirgi da kaya, mu bar su wurinsa. Da ya ga na yi jim, sai ya ce, "Wallahi tallahi, ɗan'uwa, in allura ta ɓace Allah shi tambaye ni." Muka shiga, muka fito, babu shi babu kaya. Masaɓar ubana da awartakinsa da zanen da Ige ta saƙa mini duk suka tafi. Abin da ya rage mini kurfi ne guda, wato ƙarfen da muke yanke ƙarfe da shi, don shi a ƙugu nake soke shi. Na ubana ne, da zane uku a gindinsa, alamar gidanmu. Jatau ya ce shi tun farko bai yarda da idon mutumin ba.

Dako muka yi a bakin ruwa har muka sami kuɗin jirgin ruwa. A saman jirgin aka zuba mu tare da awaki da kwandunan albasa. Kwana biyu na yi ina amai, ban san gabas ba balle yamma. Jatau ya tayar da salla yana fuskantar inda rana ta fito, kafin ya yi sallama jirgin ya juya da shi. A Sakundi jirgi ba ya matsowa gaɓa, sai aka zura mu cikin kwalekwale, igiyar ruwa ta watsa mu kan yashi a jiƙe. Daga nan wani jirgin ƙasa ya kai mu Tarkwa ta cikin kurmin da ba a ganin sama.

Muka sauka a zango, unguwar Hausawa, gidan wani Malam Isa Bakatsine, dattijo mai haƙuri wanda ya ba mu ɗaki bai tambayi komai ba sai sunayen iyayenmu. Ƙasar ba ta yi mini ba. Ruwa safe da yamma, tufa ba ta bushewa, ba gero, ba nono. Abincinsu dokunu, ƙullun masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, na yi wata guda kafin maƙogwarona ya yarda da shi. Abin da ya fi damuna ba abincin ba ne, rashin nesa ne. A gida in ka hau tudu kana hango duwatsun Kwatarkwashi. A can duk inda ka duba itace ne a gaban hancinka. Na yi kewar gida ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai Jatau, wanda ba ya sauraro.

Jatau aka ɗauke shi aikin rami. Ni aka tura ni maƙerar ma'aikatar zinariyar, inda ake gyara bakin dogayen ƙarafan da ake huda dutse da su. Shugaban maƙerar wani Bafante ne, baƙi, gajere, mai furfura a gemu, sunansa Kwesi. Ya karɓi kurfina ya juya shi, ya ɗan buga shi a uwar maƙera ya saurari ƙarar, ya ce wanda ya ƙera wannan ya san wuta. Ya ce in fara. Yana jin Hausa irin ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji. Da na tambayi ma'anar sunansa ya ce wanda aka haifa ran Lahadi, sai na ce ashe Ɗanladi ne. Sunan ya bi shi.

Dokar wurin ita ce ba a barin bakin wuta tun daga ƙararrawar safe har ta yamma, sai hutun cin abinci da hantsi. Baturen da ke kula da maƙerar ya kafa ta, kuma ba shi da wasa. Ranar farko da rana ta karkata, na tsaya ina kallon inuwa ina sosa kai. Ɗanladi ya gane. Ya ce, "Sa ƙarfenka a wuta ka tafi. Ni zan juya. Ka dawo kafin ya yi ja." Haka muka ɗore. Kullum Azahar sai in jera ƙarafa shida a garwashi, in ɗauki gwangwanin alwala in zaga bayan rumfa, in dawo daidai lokacin da suka nuna. Ban taɓa barin ɗaya ya ƙone ba. Da azumi ya zo kuwa ya mai da ni wajen wasa baki a inuwa, shi ya tsaya gaban wuta.

Na ɗauka Kirista ne, don yawancin Fantawan wurin haka suke. Malam Isa ne ya gyara mini. Ya ce, "Wannan ai ba shi da komai. Ba coci, ba gunki. Mai tsafi ma ya fi shi, don shi yana da abin da yake tsoro." Na tambayi Ɗanladi da kaina wata rana muna cin abinci. Ya ce shekaru ya yi yana zuba gawayi a cikin jiragen ruwa, ya ga ƙasashe da yawa, ko'ina ya je an ce masa nan ne gaskiya take, sauran duk ɓatattu ne. Sai ya ajiye duka. Na ce, to wa ya yi sama da ƙasa? Ya ce bai sani ba, kuma bai ga dalilin da zai ce ya sani ba. Bai zagi addinina ba, bai nemi ya ja ni ba. Ya ci gaba da cin dokununsa.

Na sa masa ido daga ran nan, kamar yadda ake sa wa karen da aka ce yana cizo. A tunanina wanda ba ya jiran hisabi ba abin da zai hana shi komai. Kuma na ga masu irin wannan hali a garin. Akwai Turawan rami da su ma ba sa zuwa ko'ina ran Lahadi sai wurin giya, suna ajiye mata, in lokacin komawarsu ya yi su bar yara jajaye ba uba. Na jira in ga nasa. Abin da na gani shi ne mata ɗaya, Efuwa, wadda suka tsufa tare, da 'ya'ya huɗu masu gaisuwa, da tsohuwar uwar matar da ta makance, shi yake ɗaukar ta ya fitar da ita shan hantsi. Ran Lahadi in kowa ya tafi coci, shi yana ƙofar gida yana liƙe tukwanen maƙwabta. Maƙwabtan suna karɓar tukwanensu, amma ba sa barin 'ya'yansu su ci abinci a gidansa. Wansa ma ya daina shiga.

Sau ɗaya na ga inda abin nasa ya gaza shi. 'Yar autarsu ta yi zazzaɓi ta rasu. Maƙabartar coci ba ta karɓe ta ba, sai ya haƙa a gefen gonar rogonsa. Na je ta'aziyya, na zauna, na buɗe baki, sai na ga duk kalmomin da na sani na irin wannan rana da sunan Allah suke farawa. Na dai ce Allah ya ba da haƙuri. Ya gyaɗa kai. Efuwa tana kuka tana kiran sunayen kakanninta, ita ba ta ajiye nata duka ba. Shi kuwa yana zaune da hannuwa a gwiwa, ba shi da inda zai ce yarinyar ta tafi. Na ji tausayinsa har cikin raina. Kwana uku ya dawo aiki.

Ina cikin shekara ta biyu abin ya faru. Akwai wani ɗaki na dutse a kan tudu, hayin rafi, inda ake ajiye nakiyar fasa dutse. Wata Laraba da rana tsaka aka yanke ƙarfen ƙofarsa aka kwashe akwati guda. A bakin ƙofar aka tsinci kurfi mai zane uku. Kurfin nan kullum a kan benci yake, duk mai wucewa ta maƙera yana iya ɗauka, amma duk ma'aikatar ta san nawa ne, don na cika kowa da labarin ubana. 'Yan sanda suka tafi da ni. Malam Isa ya je ya tsaya mini, aka sake ni a hannunsa har ranar shari'a, Talata mai zuwa. Tafintan kotu ya gaya mana a fili cewa satar nakiya ba ta tara ba ce, ta shekaru ce.

Ban ji tsoron kurkukun kamar yadda na ji tsoron labarin ba. Fatake suna kai da komo tsakanin zango da gida. Kafin damina biyu za a ji a kasuwar Bungudu cewa ɗan maƙerin Furfuri ɓarawo ne, an gane shi da alamar gidansu. Inna za ta ji, Ige za ta ji, iyayenta su zo su ɗauke ta.

Ran Asabar da yamma muka zauna a zauren Malam Isa, ni da shi da Jatau. Malam ya ce abin da zai fid da ni shi ne wani ya shaida ban bar maƙera ba ranar. Na ce ai na fita Azahar. Jatau ya ce, "To wa ya sani? Da ni na, da na tsaya ma. Amma cikin rami nike, kuma in na dahwa Alƙur'ani bisa ƙarya, cina za shi yi. Na ga wanda yak kuturce Tsahe kan haka." Sai idonsa ya yi haske. "Kai, Bawa! Arnen ga naka hwa? Shi mi ka cin shi? Ba shi da littahi, ba shi da gunki. Ko sau goma yar rantse, ba abin da ka kama shi. Ai Allah ya ba ka shaidan da babu irinai."

Malam Isa ya ce shi bai ji ba, bai gani ba, ya tashi ya shiga gida. Ni kuwa maganar ta shige ni. Ba zan ɗora wa Jatau ba, don na ga hikimarta sarai. A wurinmu rantsuwa ce ke ɗaure harshe. Musulmi ya dafa Alƙur'ani, Bamaguje ya ciji ƙarfe, kowa da abin da zai ci shi in ya yi ƙarya. Wanda ba shi da ko ɗaya, harshensa sake yake. Ni ba zan iya sa Musulmi ya halaka kansa domina ba, amma ga mutumin da a ganina ya riga ya halaka, ƙarya ɗaya ba za ta ƙara masa komai ba. Kuma yana sona.

Da hantsin Lahadi na sami Ɗanladi a ƙofar gida da wata tukunya tsakanin gwiwoyinsa. Ƙararrawar coci tana bugawa. Na gaishe shi, na yi ta zagaye, sannan na faɗa. Na ce kalma ɗaya nake so, ya ce ban fita ba.

Ya ce, "Amma ka fita."

Na ce, "Salla na tahi, ka sani. Ban taɓa nakiya ba."

"Na sani. Shi zan faɗa."

"In ka ce na hita, an gama da ni. Ɗanladi, kai ba ka da abin da ka cin ka. Mi za ka rasa?"

Ya ajiye tukunyar. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ran nan, kuma ko a nan bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ashe haka kake ganina duk kwanakin nan." Ya ce, "Bawa, kai kana da littafi. In ka dafa, a yarda da kai. Ni ba ni da komai sai bakin nan. Da shi Efuwa yake yarda da ni, da shi yara suke yarda da ni. In na ɓata shi ranar Talata, ba ni da wani a ajiye."

Na ce, "Ba wanda zai sani."

Ya ce, "Ni fa?"

Na roƙe shi. Na ambaci Inna, na ambaci Ige. Har na ce masa ya tuna ni kaɗai na zo masa ta'aziyya daga zango, maganar da har yau in na tuna ta sai in ji kunya. Ya ce ya tuna. Efuwa ta fito da dokunu da kifi ta ajiye mini, ban taɓa ba. Na tashi na tafi ina cewa a raina, ga shi nan, marar addini ba shi da tausayi. Jatau ya ce shi dama ya san haka za a yi.

Ran Talata aka shiga kotu. Joji Bature ne mai jan wuya, yana ta fifita da takarda. A kan teburin tafinta akwai abu uku: Alƙur'ani a cikin gafaka, littafin Kirista, da wata wuƙa ta masu tsafi. Kowane mai shaida ya zo ya zaɓi nasa. Aka fara nuna kurfi, na ce nawa ne. Sannan aka kira wani mai gadi wanda ban san da shi ba. Ya ciji wuƙa, ya ce ran Laraba bayan rana ta karkata ya ga Bahaushen nan ya fito daga maƙera riƙe da wani abu, ya zaga baya. Da Ɗanladi ya yarda da roƙona, da yanzu mu biyu za a ɗaure. Amma shi bai san da mai gadin ba lokacin da ya ƙi, wannan kam dole in faɗa.

Aka kira Ɗanladi. Tafinta ya miƙa masa littafin Kirista, ya girgiza kai. Ya nuna masa wuƙa, ya girgiza kai. Don raha ya nuna masa gafaka, mutane suka yi dariya. Joji ya tambaye shi wani abu da Turanci, ya amsa, sai aka bar shi ya ɗaga hannu kawai ya ce zai faɗi gaskiya. Malam Isa da ke bayana ya ja tsaki a hankali. A wurinmu wannan ba shaida ba ce, hira ce.

Tafinta yana juya mini abin da yake cewa. Ya ce na fita ranar, kamar yadda nake fita kullum, kuma abin da ke hannuna gwangwanin ruwa ne. Aka ce da izinin wa? Ya ce da nasa. Baturen maƙera yana zaune a gefe, na ga ya ɗago kai. Aka ce ya san akwai doka? Ya ce ya sani. Tun yaushe yake karya ta? Ya ce tun ranar da na fara aiki. Aka ce to ta yaya ya san ban haye rafi na hau tudu ba, tunda bayan rumfa ba ya ganina? Ya ce bai gan ni da ido ba, ba zai ce ya gani ba. Abin da ya sani shi ne na sa ƙarafa shida a wuta da sanyinsu na fita, na dawo suna fara ja, na cire su da hannuna, kuma ba wanda ya ƙone.

Joji ya juya ga Baturen maƙera ya tambaye shi tsawon lokacin da ƙarfen huda yake ɗauka kafin ya yi ja a wutar nan. Ya faɗa. Ya tambayi ɗan sanda tafiyar da ke tsakanin maƙera da ɗakin nakiya, zuwa da dawowa, ban da yanke ƙofa da ɓoye akwati. Shi ma ya faɗa. Lokutan biyu ba su yi kusa da juna ba, ko da mutum barewa ne. Joji ya sake duban Ɗanladi ya tambaye shi ko ya san abin da maganarsa za ta jawo masa a wurin aiki. Ya ce ya sani. Joji ya yi rubutu, ya ce in tafi. Aka miƙo mini kurfina.

Wanda ya saci nakiyar ba a taɓa gano shi ba. Kashegari aka kore ni saboda barin bakin wuta. Ɗanladi kuma aka sauke shi daga shugabanci, aka ɗora wani yaronsa a kansa, aka mai da shi jan zuga-zugi da furfurarsa. A zango aka yi ta cewa addu'ar Malam Isa ce ta ci, kuma ban musa ba, don ya yi ta. Jatau ya ce shawararsa ce ta kai ni wurin mutumin tun farko.

Na je wa Ɗanladi sallama kafin in bi ayarin fataken goro da za su yi arewa ta ƙasa. Na ba shi haƙuri kan maganar Lahadi. Ya ce ya wuce. Na miƙa masa kurfin, ya ƙi, ya ce na ubana ne, kuma ya isa haka yawon da ya yi. Na ce, "Allah shi saka ma da alheri." Na tsaya ina jiran amin, don ko tsohuwar Jabba ta ba ni ita. Ya yi murmushi ya ce, "Na karɓa daga wurinka." Ko a nan bai yarda ya faɗi abin da bai gaskata ba.

Wata huɗu muka yi a hanya. Na tarar da Inna da rai, Ige tana ɗakinta, ba wanda ya ji komai sai abin da na faɗa da bakina. Na sake hura wutar gidanmu, ga ni a kanta har yau.

Na kai maganar wurin limamin Furfuri, na ba shi labarin duka, har da abin da na je roƙo. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce gaskiya da riƙon amana halaye ne da Allah yake sa wa wanda ya so, amma aiki ba imani ba ya da lada gobe, haka yake a littafi. Na ce to mutum ɗaya na gani, ban ce gari guda na irinsa zai zauna lafiya ba, ban kuma ce ba zai zauna ba. Abin da nake so in sani, ko ina iya yi masa addu'a. Liman ya ce, "In shina da rai, roƙa mai shiriya, wannan ya halatta. In ya mutu bisa halin da kab bar shi, ba a roƙa mai gahwara. Sai ka kame bakinka."

Shekaru sun tafi. Ɗanladi ya girme ni nesa, ga ni yanzu da furfurar da ta fi tasa. Kowace rani fatake suna sauka Gusau daga Gwanja, wasu har Tarkwa sun kai. Ina zuwa in gaishe su, in tambayi labarin Malam Isa, in tambayi na Jatau, wanda na ji ya zama mai unguwa. Bara wani ya ce mini, "Af, kai ne ka yi aiki da Bafanten nan na maƙera? Ai kuwa..." Ban bari ya ƙarasa ba, na ce masa goron nan nasa ya yi tsada, na tashi. Da Azahar ta yi na sa ƙarfe a wuta, na ɗauki buta, na roƙa wa Ɗanladi shiriya kamar kullum.